Dandamali, situdiyo ko unguwar mawaƙi: ina za ka ɗauki hoton da ƙaramar mujalla za ta buga?

Ƙaramar mujallar kiɗa, irin wadda mutum uku ko huɗu ke haɗawa da kuɗin aljihunsu, ba ta da halin aika mai hoto sau uku wurin ƙungiya ɗaya. Zama ɗaya za a yi, kuma daga shi ake son a fitar da hoton bango, da babban hoton da zai buɗe hira, da wasu 'yan ƙanana da za a warwatsa cikin rubutu. To idan kai aka ba wa aikin, kafin ka fara tunanin kyamara da gilashinta (wato lens) sai ka yanke shawarar inda za ku haɗu da mawaƙan: ko ka bi su wurin wasa ka ɗauke su a kan dandamali, ko ka kira su situdiyon hoto, ko kuma ka tako har unguwarsu, inda suke zama da inda suke atisaye. Ni dai na ukun nake zaɓa wa ƙaramar mujalla a mafi yawan lokuta, amma akwai ranakun da sauran biyun suka fi shi, kuma gara ka san su tun kafin ka ba edita amsa.

Duka ukun takarda ce za ta yi musu alƙalanci, saboda haka a fara da abin da take so. Bangon mujalla a tsaye yake. Sunan mujallar zai cinye samansa, kanun labarai kuma suna son fili a gefe, don haka hoton da fuska ta cika shi maƙil ba zai yi bango ba komai kyansa. Shafin A4 da za a buga da ɗigo 300 a kowane inci yana buƙatar hoto mai fiksel 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, wato bai kai megafiksel 9 ba. Shafi biyu a haɗe kuma ya ɗan haura 17. Tsohuwar Canon 6D ta 2012 mai megafiksel 20, ko Nikon D750 ta 2014 mai 24, kowacce ta wadatar. Inda ake shiga uku shi ne ka ɗauki hoto a kwance, edita ya ce a yanko bango daga ciki: sama da rabin hoton ya tafi ke nan. Haka kuma hoton da zai shimfiɗu a shafi biyu, duk wanda ya tsaya a tsakiyarsa daidai, ninkin mujalla zai haɗiye masa hanci. Sai maganar launi. Maɗaba'a da tawada huɗu take aiki, kuma shuɗi mai ƙyalli da ruwan hoda mai ƙarfi, waɗanda ke ɗaukar ido a fuskar waya, a takarda sai su fito a dushe. Riƙe wannan, za mu dawo kansa yanzu-yanzu.

A kan dandamali

Babu inda mawaƙi ya fi zama mawaƙi kamar lokacin da yake tsakiyar waƙa. Jijiyar wuya ta miƙe, gumi ya jiƙa riga, mai ganga ya rufe ido, kuma babu wanda ya damu da kai balle ya gyara tsayuwa. Wannan ba ya sayuwa a situdiyo. Kuɗin wuri ma ba ka biya, fitilu kuma wani ne ya kafa su.

Amma a manyan wasannin Turai da Amurka, tun shekarun 1980 wata ƙa'ida ta zauna daram: waƙoƙi uku na farko, ba filashi, sannan a fitar da ku. Ana zuba masu hoto a ɗan lungun da ke tsakanin dandamali da shingen 'yan kallo, kowa ya samu kamar minti goma zuwa sha biyar. A waƙoƙin farkon nan mawaƙi bai yi zafi ba tukuna, mai kula da fitilu kuma sau da yawa yana ɓoye hasken kirki sai can gaba. Ga shi ku goma ne ko fiye a wuri ɗaya, da gilashi iri ɗaya, kuna kallon sama ta ƙasan haɓar mutum. Hoton da za ka kai wa editanka, gobe da safe irinsa zai fito a jaridu biyar. Ƙaramar mujalla da ke fitowa bayan wata biyu ko uku ba ta da abin da za ta yi da shi.

Hotunan dandamali da suka yi suna yawanci waɗanda suka ɗauke su sun samu abin da wannan ƙa'ida ta hana. Pennie Smith, mai ɗaukar wa jaridar kiɗa ta NME hoto a Ingila, tare take yawo da ƙungiyar The Clash a rangadinsu na Amurka. A watan Satumba na 1979, a zauren Palladium da ke New York, tana tsaye a gefen dandamali mai jitar bes na ƙungiyar, Paul Simonon, ya fusata ya ɗaga jitarsa ya maka da ƙasa. Hoton bai fito tas ba, domin tana ja da baya ne ta danna, har ita kanta ba ta so a yi amfani da shi ba. Ƙungiyar ta dage, ya zama bangon faifansu na wannan shekarar, kuma yau yana cikin hotunan kiɗa da aka fi sani a duniya. Da an fitar da ita bayan waƙa uku, da babu shi. Shi ma Charles Peterson, wanda hotunansa suka zama fuskar ƙaramin kamfanin faifai na Sub Pop a Seattle a ƙarshen shekarun 1980, a ƙananan gidajen wasa ya yi aikinsa, yana cikin turmutsutsun 'yan kallo da gilashi mai faɗi da filashi. Yakan bar idon kyamara a buɗe na ɗan lokaci, filashi ya daskarar da fuska, gashi da hannuwa da fitilu kuma su bar jirwaye. Baƙi da fari yake ɗauka, wanda ya raba shi da ciwon kan launi gaba ɗaya.

A wurarenmu lamarin ya sha bamban, kuma ba lallai ya fi sauƙi ba. Babu mai ƙirga maka waƙa uku a wasan sallah ko wurin biki, amma babu lungun masu hoto ma. Da mawaƙi ya ambaci sunan wani mai hali, masu liƙi za su rufe shi, bayansu masu ɗauka da waya, bayansu mai gabatarwa da nasa makirufon. Ka ɗaga kyamara sai ƙeyoyi da huluna. Ga wata matsalar kuma: yawancin mawaƙan zamani kiɗan a kwamfuta aka haɗa shi, a wurin wasa sakin sa ake yi suna bi, saboda haka abin da ke gabanka mutum ɗaya ne da makirufo a bakinsa. Inda dandamali ke biyan wahala shi ne ƙungiyoyin da ke kaɗawa da hannu: makaɗan kalangu da 'yan amshinsu, ko ƙungiyoyin jita na Nijar irin su Tal National ta Yamai da Etran de L'Aïr ta Agadas, waɗanda suka yi suna da wasan biki tun kafin kamfanonin faifai na waje su san da su. Wasan biki da ake yi a fili da yamma, a kan tabarma, da sauran hasken rana da ƙurar masu rawa, ya fi zauren da aka cika da fitilu ja da shuɗi ba wa mai hoto abin kirki.

Fitilun nan su ne babban abokin gaba. Na zamani masu LED launi ɗaya tsantsa suke fesowa, kuma jan haske ko shuɗi a kan baƙar fata yana shafe duk wani zane na fuska, ya bar ta kamar an shafa fenti. Ga kuma abin da na ce ka riƙe: ainihin launukan da maɗaba'a ba ta iya fitarwa ke nan. Wasu fitilun kuma ƙyaftawa suke da saurin da ido ba ya gani, sai ka buɗe hoto ka tarar da layi-layi a jikinsa, musamman in ka sa kyamara a yanayin ɗauka ba ƙara. Maganin da ke hannunka kaɗan ne. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta matse ba, ka auna haske a kan fuska kaɗai, ka jira lokacin da farar fitila ta sauka, in ya ƙi ka mayar da shi baƙi da fari. Saurin ɗauka kada ya gaza 1/250 na daƙiƙa, mai ganga ko mai tsalle kuwa sai 1/500. Wannan zai tura ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 3200 ko 6400, ka haƙura da 'yan ɗige-ɗigen da za su fito. A takarda ba sa damun ido kamar yadda suke yi in ka zuƙo hoton a kwamfuta.

Nan ne kuma kuɗi ke magana. Gilashin da ke zuwa tare da ƙananan kyamarori, 18-55, in ka zuƙo shi zuwa ƙarshe faɗin idonsa yana komawa f/5.6, wanda hasken da yake shigarwa kusan kashi ɗaya cikin goma ne na abin da 50 mai f/1.8 ke shigarwa. Ƙwararru da biyu suke shiga, 24-70 da 70-200, dukansu f/2.8, kuma kowanne yakan fi tsohuwar kyamarar da za ka ɗora shi a kai tsada. Na biyun nauyinsa kusan kilo ɗaya da rabi. In 50 f/1.8 kawai gare ka, zai yi aiki a ƙaramin wuri, muddin za ka iya matsawa da ƙafarka. Ka lura da hannun da mawaƙi ke riƙe makirufo da shi ka tsaya ta ɗaya ɓangaren, in ba haka ba hannunsa za ka yi ta ɗauka. Mai jita ma haka: Mdou Moctar na Nijar bahago ne, wuyan jitarsa yana kallon akasin inda na saura ke kallo, wanda duk ya tsaya inda ya saba tsayawa zai sha mamaki. Sannan ka sayi abin toshe kunne. Ƙarar da ta kai desibel 100, wadda gaban lasifika ke wuce ta cikin sauƙi, minti goma sha biyar ne iyakar abin da masana lafiyar ma'aikata a Amurka suka ce kunne ya ɗauka a rana.

A situdiyo

Duk abin da dandamali ya hana ka, situdiyo ya ba ka. Haske naka ne, bango naka ne, lokaci naka ne gwargwadon abin da ka biya. Ka sa ISO 100, f/8, saurin ɗauka 1/160 ko 1/200, ka kafa babbar fitila ɗaya da lema a gefe sama da kai kaɗan, hoto ya fito tas daga gaba har baya. Kana iya barin filin sunan mujalla daidai yadda mai tsara shafi ya nema. In bango ne kaɗai damuwar edita, kuma ranar kai aiki maɗaba'a ta matso, babu hanyar da ta kai wannan tabbas. Farar shadda a jikin mutum mai duhun fata, wadda a rana take sa ka zaɓi ko fuska ko ɗinki, a situdiyo kana iya kare ta daga haske ka fito da duka biyun, har aikin wuyan rigar ya nuna.

Kuma kada wani ya ce maka hoton situdiyo ba ya da rai. Sanlé Sory ya buɗe situdiyon Volta Photo a Bobo-Dioulasso, a Burkina Faso ta yau, a 1960, shekarar da ƙasarsa ta samu 'yancin kai, da labulayen baya masu zanen jirgin sama da bakin teku da birni, kuma shi ya ɗauki hotunan bangon faifan ƙungiyoyin garin irin su Volta Jazz. A 2018 gidan adana kayan fasaha na Art Institute da ke Chicago ya baje kolin aikinsa. Sai dai shi ɗan garin ne, yana zuwa wuraren rawarsu da dare, da rana su zo shagonsa. Mutanen da ke gaban labulensa sun saba da shi.

Kai kuwa mai yiwuwa yau ka fara ganin su. Mawaƙin da ke tsuma dubban mutane, ka tsayar da shi gaban farin bango a ɗaki shiru, sai ya rasa inda zai sa hannunsa. Daga nan sai ya koma tsayuwar da ya gani a fastocin wasu: tabarau, naɗe hannu, ɗaga haɓa. Situdiyon haya kuma da kayansa yake zuwa, kujerar nan mai ruwan zinare da furannin roba da kowa ya sani, sai hoton mujallarka ya fito tamkar na kafin biki. In ka ƙara da goge fuska a kwamfuta har fata ta zama santsi, shi ke nan, ka kashe shi. Ga ƙungiya mai mutum bakwai ko takwas da kayan kiɗansu kuwa, yawancin situdiyoyin unguwa sun yi kaɗan: labulen ba ya kai faɗinsu, rufin ya yi ƙasa, ba ka da wurin ja da baya, sai ka koma gilashi mai faɗi wanda ke kumbura na gefe. Jita mai sheƙi za ta maido maka da hoton lemarka sai an ɗan karkata ta. In fitilun na wuta ne, tambayi maganar janareta tun kafin ka biya.

Situdiyon ɗaukar waƙa daban ne, kada a haɗa su. Ɗan ɗakin nan mai soso a bango, da fiyano da kwamfuta da fanka, irin waɗanda suka cika wajen Zoo Road a Kano, wurin aikin mawaƙi ne, saboda haka yana cikin kashi na uku.

A unguwarsu

A farkon 1976 wasu matasa a New York suka fara wata 'yar mujalla mai suna Punk. Roberta Bayley, wadda ke karɓar kuɗin ƙofa a gidan wasa na CBGB, ita ke ɗaukar musu hoto. Ta fita da ƙungiyar Ramones ta jera su jikin wani bangon bulo a unguwar, da yagaggun wanduna da rigunan fata, ta ɗauka domin mujallar. Kamfanin faifansu ya riga ya biya wani ƙwararre ya yi musu hotunan bango, ba su yi ba. A ƙarshe nata aka saya a kan dala 125. A watan Janairun 1979 mai hoto Kevin Cummins ya tsayar da ƙungiyar Joy Division a kan wata gadar masu tafiya a ƙasa a unguwar Hulme ta Manchester, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, mutanen huɗu sun zama 'yan ƙanana can nesa, gari ya cinye sauran hoton. A 1984 Janette Beckman ta shiga jirgin ƙasa zuwa unguwar Hollis a Queens ta New York domin mujallar The Face, ta ɗauki ƙungiyar Run-DMC a kan layinsu, da abokansu na unguwa a tsaye tare da su jikin mota.

Babu fitilar haya a ko ɗaya cikin ukun. Abin da masu hoton suka kashe shi ne kuɗin mota da lokaci, kuma su biyun nan ne kaɗai inda ƙaramar mujalla za ta iya yin kafaɗa da kafaɗa da babba. A dandamali mai dogon gilashi ya fi ka, a situdiyo mai yawan fitilu ya fi ka. Amma mawaƙin da bai yi suna ba tukuna, wanda dama shi ne abincin irin wannan mujalla, zai ba ka yini guda a ƙofar gidansu, har a kawo maka abinci.

Sannan wurin yana yi wa marubucin hira rabin aikinsa. Amfilifaya da aka jona da batirin mota, wayar jita da aka naɗe da baƙin salatif a wuri uku, butar shayi a kan gawayi, kantar da ta fito a yatsan mai gurmi, yadda mai kalangu ke matse igiyoyin da hammatarsa har kafaɗarsa ta karkace. Waɗannan su ne ƙananan hotunan da mai tsara shafi ke nema ya rasa in daga situdiyo ka dawo. Kada ka ce su yi kamar suna kaɗawa. Ce musu su kaɗa da gaske, ka bar su har su manta da kai, sannan ka fara. Hoton tsayuwa na bango ka bar shi sai jikinsu ya saki.

Wahalarsa kuwa ba kaɗan ba ce, kuma ta farko rana ce. Daga hantsi zuwa bayan azahar hasken daga sama yake saukowa, ya bar ramin ido baƙi ƙirin, hula ko rawani kuma su ƙara nasu inuwar. Ga mai rawanin Buzaye da ya rufe baki da hanci, ido ne kaɗai abin da ya rage maka, in ya faɗa duhu ba ka da hoto. Lokacin kirki daga la'asar sakaliya ne zuwa gab da magariba, kuma a ƙasashenmu rana ba ta jan ƙafa wurin faɗuwa. Abin da za ka samu bai cika kai awa guda ba. Hazon hunturu alheri ne, yana tausasa haske yini guda, sai dai yana mayar da sama fari fat, ƙurarsa kuma ba ta son ka riƙa canja gilashi a waje. Da damina, bayan an ɗauke ruwa, launin bangon ƙasa da ganye sun fi kowane lokaci fitowa. In dole sai da tsakar rana, nemi bakin zaure: ka tsayar da mutum taku ɗaya daga cikin ƙofa yana kallon waje, hasken da ƙasa ke maidowa ya haska fuskarsa, bayansa kuma ya yi duhu. Faifan mayar da haske, ko ma farin kwali babba a hannun wani yaro, ya isa sauran. Gilashin 35 domin ƙungiya da wuri, 50 ko 85 domin fuska. In ɗakin atisaye ne mai fitilar silin, ka tuna wutarmu a Najeriya da Nijar mai bugu 50 ce a daƙiƙa, saboda haka 1/50 ko 1/100 ne ke hana launi rawa daga hoto zuwa hoto.

Ta biyu mutane. Je ka ga wurin kwana ɗaya kafin ranar, a daidai lokacin da za ku yi aikin. A gaida mai unguwa ko dattawan da ke zaune a wurin, kuma ɗan unguwar ne ya kamata ya gabatar da kai. Yara za su taru, wannan babu makawa. Ko ka ba babbansu aikin riƙe faifai ya tsare maka sauran, ko ka sa su cikin hoto ɗaya da yardar iyayensu sannan a sallame su. Ka kula da matan da ke wucewa a bayan hoto. Ka nisanci barikin soja, ofishin 'yan sanda, banki da gine-ginen gwamnati, ko da bangonsu ya fi na kowa kyau. Mawaƙi kuma in ya ce ƙarfe huɗu, sa ran ganinsa rana na shirin faɗuwa, don haka ka faɗa masa lokacin da ya riga wanda kake so da awa guda, ka kuma riƙe filashi ɗaya mai batir a jaka.

Jera ƙungiya ma siyasa ce. In ka bar su, za su yi sahu ɗaya kamar 'yan ƙwallo kafin a take wasa. Ka zaunar da wasu, ka tsayar da wasu, wani a kan dakali, wani jingine da ƙofa, kawunansu kada su zo layi ɗaya, ka kuma tsuke idon gilashi zuwa f/5.6 ko f/8 don na baya ma ya fito. Amma wa zai zo gaba? A ƙungiyar samari 'yan jita, fifita mai waƙa kan iya haifar da gunaguni bayan ka tafi. Wurin makaɗan gargajiya kuwa tsarin a bayyane yake, uban kiɗa a gaba, 'yan amshi da makaɗa a kewaye, kuma ba kai za ka sauya shi ba. Dattijon makaɗi ba a ce masa “matsa nan, ɗaga kai”. Sai ka rusuna ka ce, “Baba, in an yarda, hasken ya fi kyau ta wajen bishiyar nan,” ko ka faɗa wa babban yaronsa ya isar. Wani abu kuma da ke ba ni haushi a mujallun waje: duk ƙungiyar da ta fito daga Agadas sai an kai ta kan tudun rairayi an nemo raƙumi. Mutanen nan a gari suke zaune, a kan babur suke zuwa wasa, da waya suke tura waƙoƙinsu. Ɗauke su a inda suke.

Hoton na wa ne?

Wannan tambaya ta fi zafi a dandamali. A 2015 jaridar Washington City Paper ta ƙi aika mai hoto wasan Foo Fighters saboda takardar da aka ce sai an sa wa hannu tana miƙa wa ƙungiyar haƙƙin hotunan. Jaridar Le Soleil ta Quebec a Kanada kuwa mai zane ta aika ya zana wasan da hannu. A shekarar ce kuma aka sassauta takardar masu hoton wasannin Taylor Swift bayan wani mai hoto ɗan Ingila, Jason Sheldon, ya yi mata buɗaɗɗiyar wasiƙa. In aka miƙo maka takarda a bakin ƙofa, karanta ta kafin ka karɓi katin shiga.

Da ƙananan mawaƙa babu takarda, kuma rashinta ma matsala ce. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta bar haƙƙin aiki a hannun wanda ya yi shi sai in an yi yarjejeniyar da ta ce akasin haka, amma mawaƙin da ya ba ka yininsa da shayinsa gani yake hoton nasa ne, kuma ba za ka ga laifinsa ba. Ka tura masa ɗaya ya gani, kafin gari ya waye yana Instagram, jibi ya zama fastar wasa, mujalla kuwa ba ta fito ba. Ku yi magana tun farko, ko a saƙon WhatsApp ne: babu sakin hoto sai mujalla ta fito, bayan nan ga guda nawa zai yi amfani da su a shafukansa da sunanka a jiki, bangon faifai da fasta kuma ciniki ne daban. Ita ma mujallar a fayyace ko bugu ɗaya ta saya ko har da shafinta na intanet.

To wanne za ka ɗauka? In rubutun rahoton wasa ne, babu zaɓi, dandamali ne, sai dai ka roƙi a bar ka har ƙarshe kuma a gefe. In mawaƙi ɗaya ne wanda ya riga ya saba da kyamara, lokacinsa minti talatin ne, bango kawai ake so, kai shi situdiyo ka cire kujerar zinaren. Haka in mawaƙiya ce da taron unguwa zai takura ta, ko wadda gidansu ba za su so a yi ta tsayuwa a kan layi ba; situdiyo ko cikin gida ya fi mata sutura, ka kuma bar ta ta zo da 'yar rakiya. In kuwa hira ce mai tsawo da ƙungiyar da masu karatu ba su san ta ba, wadda ita ce kasuwar ƙaramar mujalla, je ka unguwarsu.

Akwai kuma dabarar da ke haɗa biyu a kuɗin mota ɗaya, in ƙungiyar tana da wasa a cikin kwanakin. Ka iso lokacin gwajin sauti, wanda yawanci da yamma ake yi kafin a buɗe ƙofa. Zauren babu kowa, kana iya hawa dandamalin ka tsaya kusa da mai ganga, ka kuma roƙi mai fitilu ya ba ka farin haske na minti biyar. Da sun gama, ka ja su bayan ginin ko layin da ke kusa na minti ashirin kafin rana ta faɗi, a nan za ka samu bangonka a tsaye da filin sunan mujalla. Da dare sai ka ɗauki wasan hankali kwance, tunda abin da edita ya fi buƙata yana cikin katin kyamara. Ka dai tabbatar sun zo gwajin da kayan da za su sa a wasan, don da yawa sukan zo da silifa da rigar ƙwallo, kayan kirkin suna gida sai dare.